Gado ne ya hana 'yan Koriya ƙiba, ko motsa jiki?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a birnin Daejeon na Koriya ta Kudu, shekarata biyu ke nan a nan. Da na zo nauyina kilo 73 ne, yanzu ya kai 80, tsawona kuwa mita 1.75. A gwajin lafiyar da aka yi mana an rubuta mini cewa ina da ƙiba, alhali a gida babu wanda zai kira ni mai ƙiba. Abokan karatuna 'yan ƙasar suna cin abinci sosai amma yawancinsu sirara ne, har wani daga cikinsu ya ce mini abin a jininsu yake. Mahaifina da 'yan'uwansa duk masu jiki ne. Shin gado ne ke tsare su, ni kuma nawa gadon ya riga ya yanke mini hukunci? In haka ne, motsa jiki zai tsinana mini wani abu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka ta haɗa abubuwa uku da ya kamata a warware su ɗaya bayan ɗaya: ko da gaske 'yan Koriya ba sa ƙiba, ko ƙwayoyin gadonsu ne ke kare su, da kuma ko wanda ya gaji ƙiba a gidansu yana da abin da motsa jiki zai yi masa. Ni likitan ciwon sukari da ƙiba ne, kuma shekaru da dama ina kawo misalin Koriya idan ina koyar da ɗalibai, domin ƙasashe kaɗan ne suka tara bayanan lafiyar jama'arsu da tsari irin nata.

Zan fara da takardar gwajinka, tun da ita ce ta tayar maka da hankali. Ma'aunin da aka yi amfani da shi, wanda ake kira BMI, ana samun sa ne idan aka raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa, kuma naka ya kama 26.1. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na gama-gari, ƙiba tana farawa ne daga 30, amma ƙungiyar likitocin ƙiba ta Koriya ta ajiye iyakar a kan 25, sannan ta ɗauki 23 zuwa 24.9 a matsayin matakin da ke gab da ƙiba. Haka nan ta ɗauki faɗin ƙugu na santimita 90 ga maza da 85 ga mata a matsayin alamar kitsen ciki. Mutumin da tsawonsa mita 1.70 ne zai shiga sahun masu ƙiba a Seoul da kilo 72 da ɗoriya, alhali sai ya kusa kilo 87 za a kira shi haka a ma'aunin gama-gari. Dalilin saukar da iyakar shi ne an daɗe da lura cewa mutanen Gabashin Asiya suna tara kitse a cikin ciki, a kewayen hanji da hanta, tun nauyinsu bai kai ya kawo ba, kuma ciwon sukari da hawan jini suna kama su a nauyin da ba a cika ganin haka ga Turawa ba. Saboda haka sirantakar da idonka ke gani a jikin abokanka ba ita ce shaidar lafiyarsu ba.

Abin da alƙaluman Koriya suka nuna

Tun 1998 gwamnatin Koriya ta Kudu ke gudanar da binciken lafiya da abinci na ƙasa, inda ake auna mutane da sikeli da igiyar awo, ba a dogara da abin da suka faɗa da bakinsu ba. A shekarar farko, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maza ne suka kai ma'aunin ƙiba na ƙasar. Zuwa 2020 adadin ya kai kusan rabi. Mata kuwa ba su yi wani nisa daga inda suke ba, suna nan tsakanin kashi 25 da 30 cikin ɗari. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar maganar abokinka, domin ƙwayoyin gadon al'umma ba sa sauyawa cikin shekara 22, kuma maza da matan Koriya daga iyaye ɗaya suka fito. Abin da ya raba su shi ne rayuwa: zaman ofis na sa'o'i masu yawa, cin abincin dare na abokan aiki da suke kira hwesik, inda ake gasa naman alade ana shan giyar soju, da soyayyiyar kaza da ake kai wa mutum har ƙofa tsakar dare. Mata kuma suna ƙarƙashin matsin lamba mai tsanani na zama sirara, har ta kai akwai 'yan mata da yawa da nauyinsu ya gaza abin da lafiya ke buƙata, wanda shi ma ciwo ne da bai kamata a yi sha'awarsa ba.

Kwanon cin abincin ma ya sauya. A 1970 kowane ɗan ƙasar yana cin kimanin kilo 136 na shinkafa a shekara, a 2023 kuwa abin ya sauko zuwa kilo 56, kuma tun 2022 naman da suke ci ya zarce shinkafar nauyi. Gaskiya ne cewa idan aka ɗauki ma'aunin 30, Koriya da Japan suna cikin ƙasashe masu arziki da suka fi ƙarancin ƙiba, don haka idonka bai yaudare ka gaba ɗaya ba. Sai dai ka tuna cewa waɗanda kake gani matasa ne 'yan jami'a, ba magidanta 'yan shekara 40 ba, kuma a cikin magidantan ne tumbi ya fi yawa.

Misalin da ya fi kowane ƙarfi a wurina shi ne rabuwar ƙasar kanta. Har zuwa 1945 mutanen Arewa da na Kudu al'umma ɗaya ce, jini ɗaya, harshe ɗaya. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 Kudu ta bunƙasa, Arewa kuma ta faɗa cikin ƙunci har da yunwa mai tsanani a tsakiyar shekarun 1990. Awon da aka yi wa waɗanda suka tsero zuwa Kudu, waɗanda adadinsu ya haura 30,000, ya nuna sun fi takwarorinsu gajarta da ƙarancin nauyi, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙara nauyi cikin 'yan shekaru bayan sun zauna a Kudu. Gado ɗaya ne, amma jikin da ya fito daga cikinsa ya bambanta bisa abin da aka ci da yadda aka rayu.

Inda gado yake da hannu

Kada ka fahimce ni da cewa gado ba kome ba ne, domin hujjojin da ke nuna ƙarfinsa suna da nauyi ƙwarai. A 1986 Albert Stunkard da abokan aikinsa sun duba mutum 540 da aka ba da riƙonsu tun suna jarirai a Denmark, suka tarar nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su ba. A 1990 Claude Bouchard ya tara tagwaye masu kama ɗaya guda 12 a Kanada, wato samari 24, ya riƙa ƙara musu kalori 1,000 a kan abincinsu kwana shida a mako har tsawon kwana 100. Wani ya ƙara kilo 4 da ɗoriya, wani ya ƙara sama da 13, kuma kowane Hassan ya yi kusa da Hussaininsa a abin da ya ƙara. Jimillar binciken tagwaye da iyalai ya nuna cewa kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyi tsakanin mutanen da ke zaune a yanayi ɗaya yana komawa ga gado, kuma binciken tagwayen Gabashin Asiya, har da na Koriya, bai saɓa wa wannan ba. Abin lura shi ne kalmar "yanayi ɗaya". Gado yana bayyana dalilin da ya sa mutum biyu da ke cin tukunya ɗaya ɗaya ya yi teɓa ɗaya bai yi ba, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa gari guda ya yi nauyi cikin shekara 20.

Ƙwayar gadon da ta fi shahara a wannan fanni ita ce FTO, wadda aka gano alaƙarta da ƙiba a Birtaniya a 2007. Kowane mutum yana ɗauke da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma an ga cewa wanda ya gaji nau'in da ke jawo ƙiba daga ɓangarorin biyu ya fi wanda ba shi da ko ɗaya nauyi da kimanin kilo 3. Aikinta ya fi shafar ci: mai ɗauke da ita ba ya saurin jin ƙoshi, kuma ransa ya fi karkata ga abinci mai maiƙo. A nan ne maganar abokinka take da ƙamshin gaskiya, domin a cikin Turawa kusan kwafi 4 cikin 10 na wannan nau'in ne, kuma mutum 16 cikin 100 suna da shi biyu, alhali a Koriya bai wuce kwafi 1 cikin 8 ba, masu biyu kuwa ba su kai mutum 2 cikin 100 ba. To amma idan ka yi lissafi, wannan ƙarancin bai rage wa matsakaicin ɗan Koriya ko kilo 1 ba idan aka kwatanta shi da Bature, alhali ratar da ke tsakanin nauyin magidancin Amurka da na Koriya ta haura kilo 10. Sauran ratar sai a neme ta a wani wuri.

Koriya ta yi nata binciken, ba ta tsaya ga na Turawa ba. A 2001 ta fara bin lafiyar mutum 10,000 da ɗoriya 'yan shekara 40 zuwa 69 a garuruwa biyu, Ansan mai masana'antu da Anseong ta manoma, ana sake auna su duk bayan shekara biyu, kuma daga baya shirin ya faɗaɗa zuwa sama da mutum 200,000. A 2009 aka buga sakamakon duba ƙwayoyin gadon mutum 8,842 daga cikinsu, wanda ya tabbatar da cewa FTO tana aiki a jikin 'yan Koriya kamar yadda take yi a jikin wasu. Manyan bincike na Gabashin Asiya a 2012 da 2014 sun ƙara gano wasu wurare da ba su fito sosai a binciken Turawa ba. Biyu daga cikinsu, CDKAL1 da KCNQ1, suna da wani al'amari da ya daɗe yana ɗaukar hankalina: nau'in da ke ƙara haɗarin ciwon sukari shi ne kuma ke tafiya da ƙarancin nauyi, domin yana raunana fitar da sinadarin insulin, wanda shi ne ke taimaka wa jiki ajiye kitse. Ma'ana, wani ɓangare na sirantakar da aka gada yana zuwa ne da farashinsa.

Duk da haka, idan aka tattara abin da aka gano, ƙarfin kowace ƙwaya ƙarami ne. Wani babban nazari na 2018 a kan mutum kusan 700,000 ya gano wurare 941 da ke da alaƙa da nauyi, kuma dukkansu a haɗe ba su bayyana fiye da kashi 6 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane ba. Shi ya sa ba na ba ka shawarar kashe kuɗi a kan gwajin ƙwayoyin gado da kamfanoni ke sayarwa kai tsaye, wanda Koriya ta halatta tun 2016. Kallon mahaifinka da baffanninka ya riga ya gaya maka fiye da abin da wannan gwajin zai faɗa. Akwai dai wani nau'in ƙiba da ƙwaya ɗaya tak ke haddasawa, kamar lalacewar ƙwayar gadon MC4R ko rashin sinadarin leptin mai rage jin yunwa, amma wannan yana bayyana tun yarinta da yunwar da ba ta ƙarewa, kuma bai yi kama da labarin wanda ya ƙara kilo 7 bayan ya girma ba.

Abin da motsa jiki ke yi wa gado

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi muhimmanci gare ka. A 2010 an duba mutum 20,430 a yankin Norfolk na Ingila, aka lissafa wa kowa yawan nau'o'in ƙiba da ya gada a wurare 12, sai aka ga tasirinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a jikin masu motsa jiki. A 2011 aka haɗa bayanan manya 218,166 daga ƙasashe da yawa, aka tarar tasirin FTO ya ragu da kashi 27 cikin ɗari ga masu motsi idan aka kwatanta da masu zama. Da aka sake duba bayanan Ansan da Anseong da wannan tambaya, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna hanya ɗaya: a cikin 'yan Koriya masu ɗauke da nau'in ƙiba na FTO, masu motsa jiki sun fi marasa yi ƙarancin haɗarin ƙiba da kusan rabi. A Taiwan kuma, wani nazari na 2019 a kan mutum 18,424 ya duba nau'o'in motsa jiki 18, ya ga sassarfa a kai a kai ce ta fi rage tasirin gado, sai hawan dutse da tafiyar ƙafa da wasu kaɗan.

Dole in faɗi iyakar waɗannan hujjoji. Yawancinsu sun dogara ne ga abin da mutane suka faɗa game da motsinsu, kuma mutum yakan ƙara wa kansa. Sannan ba a raba mutane ta hanyar ƙuri'a aka ce waɗannan su motsa waɗannan su zauna ba, don haka yana yiwuwa wani ɓangare na sakamakon ya zo ne daga cewa wanda jikinsa ya yi nauyi shi ne ya daina motsi. Alƙaluman Koriya ɗin ma daga mutane ƙalilan ne idan aka kwatanta da na Turawa, saboda haka na fi amincewa da alkiblar da suka nuna fiye da girman lambar. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne wani nazari na 2016 da ya haɗa gwaje-gwaje 8 na rage nauyi, masu mutum 9,563, wanda ya nuna cewa masu nau'in ƙiba na FTO sun rage nauyi daidai da marasa shi idan aka sa su a tsarin abinci, motsa jiki ko magani. Ƙwayar tana sauƙaƙa ƙaruwar nauyi, amma ba ta hana shi sauka.

Su kansu 'yan Koriya suna fama da raguwar motsi. Adadin manya da ke cika ma'aunin motsa jiki ya sauko daga kusan kashi 58 cikin ɗari a 2014 zuwa ƙasa da rabi a 2019, kuma matsakaicin zaman mutum a rana ya haura sa'a 8. Yara suna tashi daga makaranta su wuce darasin ƙari na hagwon har zuwa ƙarfe 10 na dare, manya kuma sai a 2018 aka rage musu iyakar aikin mako daga sa'a 68 zuwa 52. Abin da ke cetonsu, a ganina, shi ne motsin da ke cikin rayuwar yau da kullum: tafiya zuwa tashar jirgin ƙasa, hawan matakala, da al'adar hawan duwatsu ranar hutu a ƙasar da kusan kashi 70 cikin ɗari na faɗinta tsaunuka ne. Dattijo ɗan shekara 70 da ke hawan dutsen Bukhansan na Seoul duk mako jini ɗaya ne da jikansa da ke kwana a gaban kwamfuta.

A ɗakin duba marasa lafiya na sha ganin wannan da idona. Iyali guda sukan zo mini, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya rage a gona jikinsa a murɗe, wanda ya samu aikin ofis da mota kuma ya zo da tumbi da sukari yana hawa. Na kuma koyi cewa idan na ce wa mutum motsa jiki kaɗai zai zubar masa da kilo 10, to na shirya masa takaici, domin abin da aka saba gani shi ne kilo 2 ko 3 in ba a taɓa abinci ba. Amfaninsa na gaskiya yana wani wurin: yana cinye kitsen cikin ciki ko da sikeli bai motsa ba, yana sa tsoka ta riƙa jan sukari daga jini, kuma shi ne ke hana nauyin da aka rage dawowa.

Kai kuma fa

Ba za a ɗora sakamakon Koriya a kanka kai tsaye ba, domin mutanen Afirka sun fi kowace al'umma bambancin ƙwayoyin gado, kuma su ne aka fi ƙarancin bincika. Wani nazari na 2009 a kan mutum sama da 2,000 a ƙauyukan Gambiya, manoma marasa ƙiba, bai ga wata alaƙa tsakanin FTO da nauyi ba, wanda ya dace da fahimtar cewa ƙwayar tana buƙatar wadatar abinci da zama kafin ta nuna kanta. Game da ma'auni kuwa, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta saukar da iyaka ga baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka kamar yadda ta yi wa 'yan Asiya, ta ɗauki 23 a matsayin farkon nauyin da ya wuce kima da 27.5 a matsayin ƙiba. A wannan ma'auni 26.1 ɗinka bai kai ƙiba ba, amma ya shiga wurin da ya kamata a kula, musamman da yake kilo 7 ɗin sun zo cikin shekara biyu kuma akwai masu jiki a gidanku.

Ban duba ka ba, amma zan iya hasashen yadda abin ya faru, domin labarin ɗalibanmu a can kusan iri ɗaya ne: wuni a ɗakin bincike, sanyin hunturu da ke hana fita, da wahalar samun naman halal da ke tura mutum ga farar shinkafa, burodi, taliyar leda da kofi mai zaƙi daga shagunan da ba sa rufewa. Ka nemi igiyar awo ka auna ƙugunka a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, ka sa burin kada ya kai rabin tsawonka, wato ya tsaya ƙasa da santimita 87. Ka nemi minti 150 zuwa 300 na tafiya mai sauri a mako, ko rabin haka na sassarfa, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu, wanda kayan da aka kafa kyauta a wuraren shaƙatawa sun ishe ka. Daejeon tana da hanyoyin tafiya a gefen kogin Gapcheon, tana kuma da dutsen Gyejoksan mai hanyar jan yumɓu da ake takawa ba takalmi, kuma zai yi kyau ka bi abokin nan naka ku riƙa zuwa tare. A abinci ka rage abin sha mai zaƙi da cin dare, ka riƙi kifi, ƙwai, awara da kayan ganyen da ke cika teburinsu, kana lura da gishirin miya da na kimchi, wato tsimin kabejinsu, idan akwai hawan jini a gidanku. Ka sake duba takardar gwajinka ka ga abin da ta ce game da sukarin jini kafin karin kumallo, da kitsen jini, da aikin hanta. Idan sukarin ya kai 100 ko ya wuce, ko kuma mahaifinka ko ɗaya daga cikin baffanninka yana da ciwon sukari, ka kai takardar wurin likita a wannan zangon karatun, kada ka jira gwaji na gaba.